Littafin Jummai Bai Ɓace Ba

'Yata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Shi da ya riƙe ki tun kina ciki har kika yi girman da kike yau, ya riƙe ki a hanyar Kafanchan ranar Asabar, ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da ganganci, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki sauka. Amin.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya, ƙofata tana kallon taki, amma ga wasiƙa. Kin san uwarki. In na buɗe baki zan yi faɗa, sai in ƙare da tambayar ki ko kin ci abinci. A makon nan na zo bakin ɗakinki ba sau ɗaya ba, in tarar kina ninke kaya, in ce miki sannu da aiki, in koma. Takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, shi ya sa na zaɓe ta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Amma ki karanta har ƙarshe, domin raina a ɓace yake da ke, kuma ba na so ki bar gidan nan ba ki sani ba.

Maganar Jummai ce, 'yar maƙwabciyarmu mai tuyar awara a bayan layinmu.

Tun da kika shiga wannan aiki na laburare da makarantun firamare, inda kuke sa wa yara littafi a waya su karanta a gida, ban taɓa faɗa miki yadda nake ji ba. Ni da ba a jin muryata a zumuntar mata, sai da na miƙe na ba da shaida a kanki a coci. Da aka ce ke za a tura ki buɗe irinsa a Kafanchan, na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai. Don haka kada ki ɗauka ban san darajar abin da kike yi ba. Sanin darajarsa ne ya sa nake fushi.

Ranar nan ina kan keken ɗinki a baranda, ke da ƙawayenki biyu na kwaleji kuna zaune a kan benci. Jummai ta daɗe a tsaye a bakin get kafin ku lura da ita. Ni na gan ta tun zuwanta. Ta riƙe wayar yayanta da hannu biyu kamar ƙwai, ga leda a rataye a yatsanta.

Ta ce, "Anti, ina wuni."

Kika ce, "Lafiya lau, Jummai. Yaya aka yi?"

"Anti, littafin ya ɓace."

"Wane littafi?"

"Wanda kika ara mini. Jiya yana nan, wallahi ban taɓa komai ba. Yau zan kawo miki, Inna ta ce ba a mayar da kayan aro hannu rabbana, shi ne ta ba ni awara in haɗa. Da na duba da safe, babu shi."

Sai kika fashe da dariya. Kika ce, "Ke Jummai! Laburare za ki kai wa awara? Kwamfuta ce za ta ci, ko da yaji za a sa mata?" Ƙawayenki suka taya ki, ɗaya har da buga cinya. Kika juya gare su kika yi bayani da Turanci, cewa lokacin aron ne ya cika, littafin ya koma da kansa. Ni na tsinci hakan, don shekarun zama da ku sun koya mini ɗan abin da ya samu. Amma su kika yi wa bayanin, su da ba su tambaya ba. Ita da ta zo da tambayar, abin da kika ce mata shi ne, "Je ki, je ki, zan duba."

Zan duba! Kin san abin da wannan kalma take nufi a kunnen yarinyar da take ganin ta ɓatar da kayan hukuma? Ta ajiye ledar a kan dakali ta juya. Kuka cinye awarar kuna ci gaba da dariya. Tun daga ranar ba ta koma laburare ba. Ranar Alhamis, ranar da ake kai ajinsu, ciwon ciki take yi. In an aike ta niƙa, ba ta bi ta ƙofarmu, sai ta zagaya ta bayan masallaci, alhali injin yana nan kusa da mu. Malaminsu ya aika wa uwarta cewa in ba ta dawo ba kafin hutu, za a ba wani yaron katinta, domin masu jira suna da yawa. Ke ba ki san wannan ba, kina can kina neman akwati mai taya.

Na san me za ki ce. Za ki ce, "Haba Mama, wasa ne fa." To, zauna in gaya miki inda irin wannan wasa ya kai ni.

Da na gama firamare a ƙauye, aka kawo ni wurin Goggo Saratu, ƙanwar babana, a Muchia, don in shiga sakandare. Lokacin nan ne wayar hannu ta fara shigowa Zariya, ana zuwa ƙarƙashin lema a bakin titi a kira 'yan'uwa. Na girmi 'yan ajinmu, na kuma fi su tsawo, ga Hausata ta ƙauye, ga Turancin da bai wuce gaisuwa ba. A bencin baya nake zama. In malami ya nuna ni, sai in ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Ƙawa ɗaya nake da ita, Ngozi, 'yar wani mai sayar da kayan babur a Sabon Gari. Ita bakinta ba ya rufuwa, Hausa take yi kamar a Tudun Wada aka yanke mata cibiya, in ta ga dama ta haɗa da Turancin burokin.

A shekarar ne makarantarmu ta haɗa kai da wani laburare a nan Samaru, wanda aka kawo wa kwamfutoci masu ɗauke da littattafai a cikinsu. Ba irin naku na yanzu ba ne da yaro zai tafi da shi gida a aljihu. Manyan akwatuna ne masu ƙugi, a wurin za ki zauna ki karanta. Duk Alhamis malamar Turanci takan cika bas da mu, mu bi ta Hanwa, mu wuce Palladan, muna waƙa. Ranar farko wani mutum mai farar riga da biro a aljihu ya tsaya gabanmu ya yi ta zuba Turanci, yana nuna nan yana nuna can. Da ya gama ya tambaya ko mun gane. Duk aji ya amsa da ƙarfi. Ni ma na amsa, a bayan kowa. Ban gane ko kalma goma ba. Malamarmu ta juya mana abu ɗaya tak da Hausa. Ta ce, "Aro ne za a ba ku. Duk wanda ya lalata, shi zai biya."

Kuskurena na farko ke nan: na ce na gane alhali ban gane ba. Na fi tsoron a yi mini dariya a kan in zauna cikin duhu. Ke kuwa da za ki tsaya gaban yara a inda za ki, kada amsar taro ta ruɗe ki. In sun ce "e" gaba ɗaya, ki nemi wadda bakinta ya motsa a ƙarshe, ki je kusa da ita, ki yi mata magana da harshen da uwarta take yi mata. Turancin nan da kike ji da shi, ni na biya kuɗinsa da ƙafata a kan keke, kuma ba don ki gina katanga da shi na biya ba.

Mu huɗu ake haɗawa a kwamfuta ɗaya, kowace da makonta. Da nawa ya zo, mutumin ya tambayi sunana, ya buga, sai ga Hannatu a rubuce a saman gilashin. Ban taɓa ganin sunana da rubutun inji ba sai ranar. Na zaɓi littafi a kan jikin mutum. Rifkatu, akwai hoton zuciya a ciki, in an danna ta sai ta riƙa bugawa, jini yana fita ja yana dawowa shuɗi. Na dafa ƙirjina ina kallo, tawa da ta gilashi suna tafiya tare. A kan wannan kujera na yanke cewa nas zan zama. Ban gaya wa kowa ba, ko Ngozi.

Da malama ta ce lokaci ya kusa, sai na so in sa alama a inda na tsaya. Goggo takan naɗe kusurwar shafi a littafin waƙoƙinta na coci, ni ma haka na saba. Na duba kusurwar gilashin ta sama, na ga wata 'yar alama kamar gicciye a karkace. Na ce lallai nan ne wurin naɗewa. Na ja abin nan da Ngozi take kira ɓera, na danna.

Littafin ya tafi. Zuciya, jini, sunana, duka. Gilashi ya koma shuɗi wayam.

Ngozi ta kama baki. Ta ce, "Chineke! Hannatu, kin kashe littafin gwamnati!"

Na ce, "Ki yi shiru mana. Yaya za a yi ya dawo?"

"Ya dawo daga ina? Abin da ya mutu? Ni dai ban gani ba o. Ki tashi kawai, in sun tambaya mu ce wuta ce."

"Ai ba a ɗauke wuta ba."

"To ki ce aljani. Tashi, ga mutumin nan yana zuwa."

Na tashi na shige cikin sauran yara, na fita ina kallon ƙasa. A bas kowa yana waƙa, ni na lafe a kujerar baya.

Kuskure na biyu: na tambayi wadda ba ta fi ni sani ba, na kuma karɓi maganarta kamar daga bakin fasto. Mutumin da ya san amsar yana tsaye taku kaɗan daga inda nake. Ba na ganin laifin Ngozi, yarinya ce ita ma, kuma har yau in mun haɗu a kasuwa muna rungumar juna. Laifin wa nake gani? Nawa, da na waɗanda suka ajiye yara gaban inji suka ce musu wanda ya lalata zai biya, ba su nuna musu abin da ke lalatawa da wanda ba ya lalatawa ba. Don haka ki ji ni da kyau. Ranar farko, kafin ki ba kowane yaro littafi, ki sa shi ya rufe shi da hannunsa a gabanki, ya ga ya tafi, sannan ki sa shi ya buɗe shi ya ga ya dawo. Kowa ya kashe nasa ya tashe shi, su yi ta yi har abin ya zama wasa. A nan ne dariya take da wuri, ke da su tare.

Wataƙila kina cewa, don me ban gaya wa Goggo ba? Ba ki san Goggo Saratu a ƙarfinta ba, kin same ta ta tsufa tana ba ki alewa. A wurinta kayan aro ya fi kayan gida tsarki. Ta taɓa aron babbar tukunya a wurin wata Bayarbiya maƙwabciyarmu don bikin Kirsimeti, gindinta ya fashe a kan murhu. Matar ta ce ba komai, tsohuwar tukunya ce. Goggo ba ta yarda ba. Ta ɗauki zanenta mafi kyau, na zuwa coci, ta kai kasuwa, ta dawo da sabuwar tukunya, ta cika ta da shinkafa dafaffiya, ta ɗora mini a ka na kai. Da na dawo ta ce mini, "Hannatu, a gidan nan ana iya kwana da yunwa, amma ba a kwana da kayan mutane a lalace." To in tukunya ta ci zane, littafin gwamnati mai zuciya da ke bugawa me zai ci? Na kwanta ina lissafa kayan ɗakin Goggo, na ga ko an haɗa da gadon ba za su isa ba. Ga ni amanar da aka kawo daga ƙauye, ina cin tuwonta.

Alhamis ta gaba na ce kaina yana ciwo. Ta bayanta na ce haƙori. Sannan wata safiya malama ta tsayar da ni a gaban aji ta ce, "Ke doguwa, mutumin laburare yana ta tambayar ki. Ya ce lallai ki zo." Yara suka juyo suna kallona, Ngozi ta zaro ido. Yau da girmana ina zaton ya ga yadda na manne wa littafin ne, yana so ya san abin da ya hana ni dawowa. Amma a ranar abin da na ji shi ne an gano ni. Washegari na sa kayan makaranta, na fita, na zauna a bayan tashar jirgin ƙasa har aka tashi. Na yi haka har ƙarshen zango. Da sakamako ya fito ba kyau, na ce wa Goggo kaina ba ya ɗaukar karatu. Ta dube ni ta ce, "To, ba kowa ne na biro ba." Ta kai ni wurin mai ɗinki a kasuwar Sabon Gari. Shi ke nan. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya doke ni, babu kuma wanda ya tambaye ni me ya faru.

Wannan ne na uku, kuma shi ya fi tsada: na gudu daga abin da ba ya bin kowa, na kuma yi wa kaina ƙaryar da na zo na yarda da ita. Shekaru ina gaya wa mutane ba ni da kan karatu. Ina da shi, Rifkatu. Wa ya koya miki karatu kafin ki shiga nazare? Har yanzu in na tuna malamar nan raina yana tafasa. Daga makaranta zuwa gidan Goggo ba tafiyar mota ba ce. Da ta tako sau ɗaya ta zauna a kan tabarma ta ce, "Hannatu, me ya same ki?" da na yi kuka na faɗa, da an yi dariya an wuce wurin. Ta zaɓi ta kira ni doguwa a gaban aji. Ke ma in yaro ya daina zuwa, kada ki aika. Saƙo daga laburare, a kunnen yaro mai tsoro, sammaci ne. Ki je da ƙafarki. Ki gaida uwarsa, ki sha ruwan da aka ba ki, ki jira har ya fito daga inda ya ɓuya. Masu surutu irin Ngozi za su nemo ki ko ina kike. Masu shiru ne aikinki.

Kin san yaushe na gane gaskiya? Ina da cikinki. Aka aike ni wani shagon buga takardu a kusa da kasuwar Samaru, in bugo tsarin sujadar ranar mata. Yarinyar shagon ta gama bugawa, ina tsaye a kanta, sai na ga ta kai ɓeran kusurwar nan ta danna. Rubutun ya tafi. Ban san lokacin da na ce "Wayyo!" na riƙe mata hannu ba.

Ta ce, "Madam, lafiya?"

Na ce, "Kin kashe shi!"

Ta ce, "A'a, rufewa kawai na yi. Ga shi." Ta danna wani wuri, ya dawo, ko wasali bai ragu ba.

Na ce, "Ko littafi ne, haka yake dawowa?"

Ta ce, "Ko mene ne, Madam. Ai yana ciki."

Na fito na zauna a bakin kwalbati da takardun a cinyata. Masu acaɓa suna tambaya ko zan tafi, ina girgiza musu kai. Da na iso gida babanki ya ga idona ya ce laulayi ne, ya tafi sayo mini lemo. Ban gyara masa ba. Ashe littafin yana nan tun ranar. Ashe kowace Alhamis wata yarinya takan zauna a kujerar ta kalli zuciyar tana bugawa, ni ina bayan tasha ina ɓuya.

Da na yi hankali, da a lokacin na nemi makarantar yamma. Shekaruna ba su wuce ba. Na ce ai an makara, ga ciki, ga shago, mutane za su ce me. Kunya ce dai ta sake sa sabon zane. Sannan na ƙara da rufe bakina a kanku. Na bar ki kika girma kina ganin yaron da bai san abu ba abin dariya ne, domin ban taɓa nuna miki cewa a cikin irin waɗannan yara uwarki take ba. Wannan kason nawa ne. Amma dariyar taki ce, ba zan ɗaukar miki ita ba.

Kuma ki daina ganin maganar awara wauta ce. Yarinyar nan abin da aka koya mata ta yi, kuma abu mai kyau aka koya mata. Ku ne kuka ɗauki kalmar aro kuka ɗora wa abin da ba a miƙawa da hannu, ba a kuma karɓa da hannu. A wurinmu aro yana da ƙa'ida: ka je ka roƙa, a ba ka, ka kula da shi fiye da naka, ka mayar da ɗan abu a kai. Kun ce wa yara aro, sun riƙe ku da maganarku, sai kuma ku yi musu dariya? In za ki ce aro, ki ƙarasa. Ki ce musu wannan aro ne mai komawa gida da kansa in kwanakinsa sun cika, ba ya yagewa, ba ya jiƙewa, kuma in suna so za a sake ba su. Ki faɗa wa iyayen ma, domin su ne za su riƙe bulala in yaro ya ce ya ɓatar.

Sauran abin da uwa take faɗa wa 'yar da za ta tafi, kin sha ji. Ki nemi coci tun makon farko. Ki gaida mai gidan da za ki zauna safe da yamma ko fuskarsa ba ta yi miki ba. Ki ci abinci kafin ki fita, kin san cikinki. Kada ki hau babur da dogon gyale yana lilo. Ba su ne suka sa na ɗauki biro ba.

Jiya da rana na rufe shago na tafi gidansu Jummai. Kin san ban taɓa shiga gidan mutane ba tare da an kira ni ba. Na tsaya a zaure ina sallama da muryar da ni kaina ba na ji, sai da wani yaro ya shiga ya faɗa. Uwarta tana tace waken suya. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, sannan ta ce, "Maman Rifkatu, dama ina so in zo, kunya ta hana ni. Yarinyar nan ta ɓatar muku da kaya. Ki faɗa wa Anti ta yi mana haƙuri, ta gaya mana abin da ya kama. Yayanta ma ya ƙwace wayarsa, ya ce ba zai sake ba ta ba, kada ta jawo masa hukuma."

Na ce, "Ba abin da ya ɓace. Ina Jummai?"

Tana bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta. Na ce, "Jummai, fito, ni ce." Ba ta fito ba. Na yi mata bayani daga inda nake zaune, da duk Hausar da nake da ita. Na ce littafin ya koma da kansa, haka aka yi shi, yana can lafiya, wani ma yana karantawa. Na ce ni ma abin ya taɓa faruwa da ni. Can sai muryarta ta fito, ƙasa ƙasa.

"Mama, ai ba ke kika ara mini ba."

Uwarta ta daka mata tsawa, wai rashin kunya ne. Na ce ta ƙyale ta, gaskiya ta faɗa. Aro ba ya ƙarewa don maƙwabciya ta ce ya ƙare. Sai mai kaya ya duba kayansa da idonsa ya ce ya karɓa. Kafin nan, yana wuyanka. Ni ba zan iya sauke mata shi ba, malaminsu ba zai iya ba, wanda za a kawo a madadinki bai ma san fuskarta ba. Bakinki ne ya ce za ki duba, kuma tana nan tana jiran abin da dubawar za ta haifar.

Don haka na gaya musu za ki zo gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin yayanta yana gida da wayarsa. Ban tambaye ki ba, kuma ba na neman afuwa. Kitson da kika ce za ki je, ya jira, ko ki tafi Kafanchan da kanki a tsefe, ba wanda ya taɓa mutuwa da wannan. Ki je ke kaɗai, ban da ƙawaye. Ki durƙusa ki gaida uwarta. In Jummai ta ƙi fitowa, ki yi wa labulen magana. Ki buɗe taki wayar ki nuna mata littafin yana nan inda ya koma, ki ce mata, "Jummai, na duba. Ya iso lafiya, na karɓa." Ki ce mata dariyar da kika yi ba daidai ba ce, da bakinki, ba tare da kin haɗa da wata dariyar ba. Sannan ki sa mata wani a wayar yayanta a gabansa, kafin ki tashi daga tabarmar.

In kin ƙi, ba zan hana ki tafiya ba. Zan raka ki tasha, zan riƙe miki jaka, zan ɗaga miki hannu. Amma ranar Alhamis ni zan kama hannun yarinyar nan in kai ta laburaren, in tsaya gaban abokan aikinki da wannan bakin nawa mai rawa, in gaya musu 'yar wa ce ta kore ta. Kin san abin da hakan zai ci mini. Zan yi.

Ubangiji ya sa miki albarka ya kiyaye ki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya tsare yaran mutane daga kaifin bakinki. Ya ba ki idon ganin na bencin baya. Ya dawo mini da ke lafiya.

Sun ce za su shimfiɗa tabarma tun azahar.

Ni ce uwarki,
Hannatu